Mazubin Labari: Yadda Jaridu da Rediyo Suka Ba da Labarin Shari'a a Zamfara

Ran 27 ga Oktoba 1999 jama'a suka yi dafifi a filin Ali Akilu da ke Gusau, domin halartar ƙaddamar da shari'ar Musulunci wadda Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya yi wa mutanen Zamfara alkawari. Mutumin Furfuri, ko na Bunguɗu, ko na Tsafe, ba ya bukatar a ba shi labarin wannan rana, don kuwa Gusau a bakin ƙofarsa ta ke. Amma sauran mutanen Nijeriya da na duniya jiyau ne, abin da jarida da rediyo suka kai musu shi kaɗai suka sani. To, labarin da aka karanta a Ikko, watau Legas, da wanda aka karanta a Landan, da wanda aka saurara a rediyon Kaduna, sun bambanta da juna har mutum ya yi tsammani abubuwa uku dabam dabam aka yi a wannan rana.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda hakan ke faruwa ko da ba wanda ya yi ƙarya, da irin abin da ya ke jawowa. Ba a nufin yanke hukunci a kan ita shari'ar kanta, ko a kan niyyar waɗanda suka kawo ta.

Ma'anar mazubi

Mai buga tubali ya san ƙasa ɗaya ce, amma siffar da za ta fito da ita tana ga mazubin da aka zuba ta a ciki. Haka labari ya ke. Abin da ya auku yana da yawa, filin jarida kaɗan ne, lokacin rediyo kuma ƙidayayye ne. Tilas ne mai ba da labari ya zaɓi abin da zai faɗa, da abin da zai sa a gaba, da sunan da zai kira kowa da shi, da wanda zai tambaya. Wannan zaɓe shi a ke nufi da mazubin labari a nan.

Masana sun daɗe suna nazarin abin. Erving Goffman ya yi littafi a kansa a 1974. A 1993 Robert Entman ya nuna cewa mazubi yana yi wa mai karatu aiki huɗu: yana faɗa masa mene ne matsalar, da wanda ya jawo ta, da hukuncin da ya kamata a yanke a kanta na kyau ko muni, da maganinta. Game da Musulmi kuwa, Edward Said ya fitar da littafinsa Covering Islam a 1981, bayan juyin juya halin Iran na 1979, inda ya nuna yadda jaridun Amurka da Turai ke tattara al'ummai masu yawa, masu harsuna da tarihi dabam dabam, su dunƙule su cikin kalma guda, sa'an nan su riƙa ambatonsu galibi sa'ad da rikici ya tashi.

Ya kamata a lura, babu labarin da ba shi da mazubi. Laifin ba ya cikin zaɓen kansa. Yana zuwa ne sa'ad da mazubi guda ya rinjaya, har mai karatu ya manta akwai abin da aka bari a waje.

Tushen al'amarin

Wanda zai auna labaran da aka bayar sai ya fara sanin tarihin ƙasar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, yana cikin mabiyansa. Kusa da Tsafe kuma akwai kufan 'Yandoto, tsohon garin malamai, waɗanda suka ƙi bin Shehu har Muhammadu Bello ya yaƙe su. Watau musun malamai a kan mulki da shari'a tsohon abu ne a wannan yanki.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun bar alƙalai a kan aikinsu, suna hukunci da mazhabar Malikiyya har a sha'anin laifuffuka, sai dai sun hana yanke hannu da jifa. Da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kira wani kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Daga shawararsu aka yi kundin dokokin laifuffuka, wanda a ke kira Final Kod, ya fara aiki a 1960. Tun daga nan shari'ar Musulunci ta taƙaita galibi ga aure da saki da gado da sauran ma'amaloli. A majalisar tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978 an yi zazzafar gardama a kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren. A 1986 kuma an sake yin wata a kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC.

Jihar Zamfara dai an cire ta daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996. Ahmad Sani ya ci zaɓe a jam'iyyar APP, ya hau mulki ran 29 ga Mayu 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga Shugaba Olusegun Obasanjo na PDP. Dokokin da majalisar jihar ta yi sun fara aiki ran 27 ga Janairu 2000. Sun kafa kotunan shari'a, sun kawo sabon kundin laifuffuka mai ɗauke da haddi da ƙisasi da ta'aziri. An rubuta cewa kundin ya hau kan Musulmi ne, wanda ba Musulmi ba kuwa sai in shi ya yarda a rubuce. Ba a sa ridda cikin laifuffukan ba. Bayan wannan an hana sayar da giya da caca da karuwanci, an raba maza da mata a motocin haya, an kafa ma'aikatar al'amuran addini da hukumar zakka da waƙafi, da wata ta yaƙi da cin hanci. Cikin shekaru biyu da 'yan watanni jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, aka cika sha biyu.

Masu ba da labarin

Aikin jarida a Nijeriya a kudu ya fara. Iwe Irohin ta fito a Abekuta a 1859, Daily Times a Ikko a 1926, West African Pilot ta Dokta Azikiwe a 1937, Nigerian Tribune ta Cif Awolowo a Badun a 1949. Arewa ba ta sami tsayayyar jarida ba sai Janairu 1939, sa'ad da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. New Nigerian ta biyo baya a Kaduna ran 1 ga Janairu 1966.

Har zuwa 1999 manyan jaridu masu zaman kansu, irin su Punch da Guardian da Vanguard da ThisDay, da mujallu irin su Tell da The News, duk a Ikko su ke. Weekly Trust ba ta fi shekara ɗaya da 'yan watanni da kafuwa ba, Daily Trust kuwa sai 2001 ta fara. Wakilan kamfanonin labarai na Turai su ma galibi a Ikko su ke zaune, jaridun can su ke karantawa da safe, kuma kaɗan ne cikinsu ke jin Hausa.

Manomin Furfuri kuwa ba da jarida ya ke jin labarin duniya ba, da rediyo ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka ta buɗe nata sashen a 1979, ga kuma na Jamus. Sabo da haka aka sami ƙasa ɗaya mai zaure biyu. A zauren Turanci a na magana a kan mutanen Zamfara ba su ji, a zauren Hausa suna magana sauran ƙasa ba ta ji.

Mazubi uku

Na fari shi ne wanda ya rinjaya a jaridun Ikko. A nan matsalar ita ce Tsarin Mulki da haɗin kan ƙasa. An riƙa kafa hujja da sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana tarayya ko jiha ɗaukar wani addini ya zama na gwamnati. Masu laifi a wannan mazubi su ne 'yan siyasar Arewa, waɗanda aka ce mulki ya kuɓuce musu suna neman hanyar takura wa Obasanjo. Shi ma Obasanjo ya kira abin shari'ar siyasa, ya ce za ta shuɗe da kanta. Akwai gaskiya a ciki, don kuwa gwamnoni 'yan siyasa ne, kuma tsoron da Kiristocin Arewa suka ji ba na wasa ba ne. Gusau kanta tana da Ibo da Yarbawa da sauran baƙi tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Ƙauran Namoda a 1929, kuma hana giya da raba motoci sun taɓa sana'arsu. Abin da wannan mazubi ya bari a waje shi ne talakawan da suka cika filin Ali Akilu, da dalilin zuwansu. Ya kuma rage ambaton hujjar ɗaya ɓangaren, watau sashe na 38 mai ba da 'yancin addini, da ikon da Tsarin Mulki ya ba jihohi na yin dokokin laifuffuka da kafa kotuna.

Na biyu shi ne na jaridun Turai da Amurka. A nan matsalar ita ce azabar jiki da halin mata. Da aka yanke hannun wani mutumin Jangebe a Talatar Mafara cikin Maris 2000 bisa laifin satar saniya, hotonsa ya zaga duniya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka sai aka ƙara wa mazubin wani launi, aka riƙa kwatanta Arewacin Nijeriya da Afganistan. Wani rahoto da wata cibiya ta Freedom House ta fitar a 2002 sunansa ma The Talibanization of Nigeria. Nan ma akwai gaskiya, don an yanke hannun, kuma waɗanda haddi ya faɗa wa galibi talakawa ne da matan ƙauye marasa lauya, kamar yadda Human Rights Watch ta nuna a rahotonta na 2004. Amma an bar abin da ya raba Gusau da Kabul: a Zamfara zaɓaɓɓiyar majalisa ce ta yi doka, a rubuce, akwai kotunan ɗaukaka ƙara, akwai kuma jam'iyyar adawa.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a kafofin Arewa, musamman gidajen rediyon gwamnatocin jihohi. A nan matsalar ita ce lalacewar zamani: sata da fashi, da cin hanci a kotu, da zaluncin masu mulki bayan shekara goma sha biyar da rabi na soja. Maganin kuwa komawa ga abin da Turawa suka raunana. Wannan mazubi shi ya fi kusa da abin da jama'a ke faɗa da bakinsu. Brandon Kendhammer, wanda ya yi bincike a Sakkwato ya buga littafinsa Muslims Talking Politics a 2016, ya tarar talakawa da yawa suna kallon shari'a a matsayin hanyar samun haƙƙi da tilasta wa shugabanni adalci, ba su ga ta yi karo da dimokuraɗiyya ba. Amma shi ma wannan mazubi yana da nasa giɓi. Ya rage jin kukan waɗanda ba Musulmi ba, ya kuma sa tambayar gwamna ta zama kamar tambayar addini, har mutum ya ji nauyin cewa don me a ke yanke hannun ɓarawon saniya alhali ɓarawon baitulmali yana yawo.

Abin da mazuban uku suka yi tarayya a kai shi ne, duk sun nuna Musulmin Arewa kamar bakinsu ɗaya. Alhali kuwa Shaikh Ibrahim Zakzaki ya ce ba za a iya tsai da shari'a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta Musulunci ba. Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda ya zama Sarkin Kano a 2014, ya yi rubuce-rubuce da dama yana sukar yadda a ke aiwatarwa, da hujjojin fiƙihu. Matan Musulmi lauyoyi kuma sun shiga kotunan suna kare waɗanda a ke tuhuma.

Nauyin kalmomi

Ɗalibin Hausa ya fi kowa damar ganin yadda kalma ke sāke nauyi in ta ƙetare harshe. A Hausa shari'a tana da faɗi. Mutum biyu masu rigimar gona suna shari'a, ko a gaban alƙali ko a gaban majistare. Wanda aka cuta ya kan ce sai shari'a ta raba su. Sa'ad da mutumin Bunguɗu ya ce yana son shari'a, maganarsa ta haɗa addini da neman adalci a wuri guda. Da kalmar ta shiga Turancin jarida sai ta ƙuntata, ta koma sunan yanke hannu da bulala da jifa. Don haka jimla ɗaya ta kan fita daga bakin Bahaushe tana nufin neman haƙƙi, ta isa kunnen Bature tana nufin son azaba.

Haka aikatau ɗin da a ke haɗawa da ita. Hausa ta ce an ƙaddamar da shari'a, ko an dawo da ita. Turancin jarida ya fi amfani da kalmomin da ke nufin an shigo da ita, ko an ƙaƙaba ta. Mai cewa an dawo da ita ya riga ya ce tana nan a da, aka kawar. Mai cewa an ƙaƙaba ta ya riga ya ce ba a so. Kowannensu ya yanke hukuncin tarihi tun bai kai ƙarshen jimla ba.

Fatawa ita ce misali mafi bayyana. A Hausa, wanda ya je wurin malami ya tambayi hukuncin alwala ko na gado ya yi fatawa. A Turancin jarida kuwa, tun da Ayatullahi Khumaini ya yi tasa a kan Salman Rushdie a 1989, kalmar ta zama kusan daidai da hukuncin kisa. A Nuwamba 2002 wata marubuciya a ThisDay ta ambaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar da ta ɓata wa Musulmi rai, cikin rubutu a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da za a yi a Abuja. Rikici ya ɓarke a Kaduna, mutum fiye da 200 suka mutu, aka mai da gasar Landan. Daga nan Mataimakin Gwamnan Zamfara, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya furta cewa jinin marubuciyar ya halatta. Wannan magana ta cika kanun labaran duniya da sunan fatawa. Cikin 'yan kwanaki Jama'atu Nasril Islam ta ba da sanarwa cewa gwamnatin Zamfara ba ta da ikon ba da fatawa, kada a kula da ita, gwamnatin tarayya ma ta ce ba ta da tasiri. Furucin barazana ce ta gaske ga ran mutum, ya cancanci a ba da labarinsa. Amma amsar malamai ba ta yi tafiyar da furucin ya yi ba, sai mai karatu na nesa ya zauna da zaton Musulmin Nijeriya ne suka yanke hukunci, alhali ɗan siyasa ɗaya ne ya yi magana, manyan malamai suka ƙi ta.

Shari'ar Tsafe

Ba a kan takarda kaɗai mazubi ke tsayawa ba, yana komowa ya taɓa mutanen da a ke ba da labarinsu. A Satumba 2000 wata kotun shari'a a Tsafe ta yanke wa wata yarinya daga Magazu bulala 100 sabo da cikin da ta yi ba aure, da wata 80 ta ƙazafi, domin mutane ukun da ta ambata sun musa. Labarin ya kai ƙasashen waje, musamman Kanada, wasiƙun ƙin yarda suka yi ta zuwa. Jaridu ba su ma daidaita a kan shekarunta ba, wasu suka ce 17, wasu suka ce ba ta kai haka ba. An janye bulala 80 ɗin. Ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata ta ɗauki lauyoyi suna shirin ɗaukaka ƙara da hujjojin fiƙihun Malikiyya, amma ran 19 ga Janairu 2001 aka yi mata bulala 100, kafin ranar da aka sanar da farko. Shugabannin BAOBAB sun bayyana daga baya cewa a ganinsu an gaggauta hukuncin ne domin a nuna ba a tsoron matsin lambar waje.

Darasin ya ƙara fitowa a shari'o'i biyu na maƙwabtan Zamfara. Safiya Husaini, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa a Oktoba 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ce ta sallame ta a Maris 2002. Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa irin wannan hukunci a Maris 2002, ta Katsina ce ta sallame ta ran 25 ga Satumba 2003. Hujjojin da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka kawo sun haɗa da na cikin shari'ar kanta: cewa mai iƙirari yana da damar janyewa, da mas'alar kwantaccen ciki, wadda malaman Malikiyya suka yarda ciki zai iya daɗewa shekaru, har a jingina shi ga tsohon miji.

A tsakiyar shari'ar Amina wata takardar koke ta yaɗu a intanet, tana cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, za a jefe ta ran 3 ga Yuni 2003. Ba haka ba ne, ƙarar ba ta ma kai can ba. A Mayu 2003 Ayesha Imam da Sindi Medar-Gould na BAOBAB suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a dakatar da irin waɗannan koke-koke, domin kurakuransu da zagin addinin da ke cikin wasunsu suna ƙara wa lauyoyi wahala. Da aka sallami matan, da yawa a waje suka ɗauka matsin lambar duniya ce ta cece su. Mai yiwuwa idon duniya ya sa alƙalai sun ƙara lura, amma abin da ke rubuce a hukuncin fiƙihu ne da ƙa'idar kotu.

Haka kuma rikicin Kaduna na Fabrairu 2000, wanda ya ci rayuka masu yawa ƙwarai, ya jawo ramuwa a Aba. An saba kiransa rikicin shari'a, a haɗa shi da Zamfara cikin jimla ɗaya. Amma a lokacin majalisar Kaduna tana kan shawara ne, ba ta yi dokar ba tukuna, kuma garin yana da tsohuwar tsama ta ƙabila da mulki. Gusau, inda dokar ke aiki, ba a yi irin wannan kashe-kashe ba. Sunan da aka ba rikicin ya ɓoye wannan bambanci.

Bayan ƙura ta lafa

Da shekaru suka shuɗe, labarin shari'a ya yi sanyi a jaridun waje. Tambayoyin da suka fi damun talaka, watau ko kotuna sun gyaru, ko zakka ta isa ga mabukata, ko cin hanci ya ragu, ba su sami mai bibiya sosai ba sai masu bincike irin su Philip Ostien, wanda ya tattara dokoki da rahotanni da hukunce-hukunce cikin mujalladi biyar a 2007.

Zamfara ta sake shiga labarai ta wasu ƙofofi. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Daga baya ta'asar 'yan bindiga ta mamaye ƙauyuka, har da na Tsafe da Bunguɗu. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe. Adadin da aka fara bayarwa 317 ne, waɗanda aka sako ran 2 ga Maris kuwa 279 ne, amma adadin farko ya riga ya zaga duniya. Abin lura a nan shi ne, mutanen da a 2000 aka riƙa kira Musulmi a kanun labarai, yanzu da su ne a ke kashewa sai aka fi kiransu ƙauyawa ko manoma. Maharan kuwa sau da yawa da sunan ƙabila a ke ambatonsu, abin da ke shafa wa Fulanin da ba ruwansu kashin kaji, alhali su ma an sace musu shanu. Hukuma ita ma ta san ƙarfin mazubi: a Agusta 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanoni uku naira miliyan 5 kowanne, sabo da shirye-shirye a kan 'yan bindiga, ciki har da na BBC a kan Zamfara.

Abin da malami zai yi

Malamin kwalejin horon malamai ba shi da iko a kan abin da edita zai buga, amma yana da iko a kan yadda ɗalibansa za su karanta. Hanya mai sauƙi ita ce ya kawo labari ɗaya daga kafofi uku, na Hausa da na Ikko da na waje, ya sa ɗalibai su jera su, su amsa tambayoyi kaɗan. Wace matsala kanun ya nuna? Wa aka ɗora wa laifi, da wane suna aka kira shi? Wa aka tambaya, wa aka yi magana a kansa ba a tambaye shi ba? An ambaci addinin mutum ko ƙabilarsa, kuma ambaton ya ƙara wa labarin haske ko kuwa zafi kawai? Wace kalma ce ta sāke ma'ana wurin fassara? In an gyara adadi ko an soke hukunci daga baya, an ba gyaran fili kamar na farko?

Wajibi ne a yi wa kafofin gida wannan awo kamar yadda a ke yi wa na waje. Ɗalibin da ya koyi gano son zuciyar jaridar Landan kaɗai, bai iya gano na rediyon jiharsa ba, bai gama koyon karatu ba. Sashen Hausa kuma yana da wani aiki da ba mai yi sai shi, watau tattara abin da aka faɗa da Hausa a waɗannan shekaru: shirye-shiryen rediyo, da kaset-kaset na wa'azi, da waƙoƙi, da tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, da tunanin dattawan garuruwa irin su Furfuri waɗanda suka ga abin da idonsu. Jaridun Turanci suna ajiye a ɗakunan karatu, kaset kuwa yana lalacewa, dattawa suna tafiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma in ba a rubuta abin da ya faɗa ba, masu tarihi na gaba da maganar maƙwabta za su yi aiki.